Kafin alƙalami amana ce, amma manhaja ta mayar min da shi ciniki

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake, ko rintsawa ban yi ba. Shekara goma sha ɗaya ina sana'ar kayan ɗaki, gado da wadrob da kujeru da madubin amarya, da littafi da biro nake lissafina, ban taɓa jin kunya a gaban kwastoma ba sai yanzu da na cire kuɗina aka saka min manhajar lissafi a kwamfuta.

Duk wanda ke harkar nan ya san ba a sayen saitin gado kamar biredi. Uwa ce za ta zo wata huɗu ko biyar kafin biki, ta zaɓi kalar da take so, mu yi tsada, ta ajiye kafin alƙalami, ni kuma in wuce 'Yan Katako a Na'ibawa in sayo katako da filawud, in nemo soso da yadi. Ragowar da kaɗan kaɗan take kawowa, yau dubu ɗari, in ta ɗau adashi ta ƙaro hamsin, wani lokacin ma baffan amarya ne zai turo daga Abuja da sunan da ban taɓa ji ba. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 kusan kowa ya koma taransifa, alat ya yi ta shigowa ba tsari, shi ya sa na ce bari in nemi abin da zai riƙe min lissafi.

Aka haɗa ni da wani yaro wai ƙwararre ne. Ya karɓi kuɗin aikinsa cif, ga kuɗin manhajar kuma duk wata da dala ake biya, kowa ya san inda dala ta kai tun da aka saki naira a Yunin 2023. Ranar da ya zo na buɗe masa littafi na ce ga mutum 14 sun ba ni kafin alƙalami ban kai musu kaya ba tukuna, ga wasu 6 na kai musu ina bin su ciko. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Alhaji kar ka damu, duk kuɗin da ya shigo ai ciniki ne." Ya zuba su gaba ɗaya a wuri guda ya tafi.

Haba jama'a! Kuɗin da ban yi aikinsa ba ta ina ya zama nawa? In aka fasa bikin dole in mayar, in na faɗi na mutu yau magada ne za su biya, bashi ne a wuyana har ranar da mota ta sauke kaya a gidan amarya. Wannan ko yaron shagona ya sani.

Ga abin da ya faru. Wata Hajiya da ta aurar da 'ya'ya biyu da kayan shagona, mun yi cinikin saiti a kan miliyan 1 da dubu 800. Ta ba da dubu 700, daga baya ta ƙaro dubu 500, saura dubu 600 kenan. Manhaja ta riga ta rubuta miliyan 1 da dubu 200 ɗin nan a matsayin ciniki, da na fitar da inbois, wato takardar da ke nuna kuɗin kayan da ake bin mai saye, ranar kai kaya sai ta sake ƙirga miliyan 1 da dubu 800 cikakke, saiti ɗaya ya koma cinikin miliyan 3. Kuma da yake ba a haɗa biyanta da inbois ɗin ba, sai ta nuna Hajiya ko sisi ba ta biya ba. Ashe yaron ya kunna wani abu da yake tura wa masu bashi saƙon tuni da kansa, bai gaya min ba. Saƙon ya tafi imel ɗin babban ɗanta, shi ne kuma ya ba ta kuɗin da ta kawo min. Ku duba irin zargin da zai shiga tsakanin ɗa da uwa. Ta kira ni muryarta na rawa, "Alhaji, abin da za ka yi min kenan? A idon ɗana?" Ban da "Hajiya ki yi haƙuri, wallahi kuɗinki suna rubuce" ba abin da na iya cewa.

Na kira yaron ya fi sau ashirin, ya daina ɗauka. Na rubuta wa masu manhajar, sai dogon turanci da bidiyo suke turo min, datata na ƙonewa, janareta na shan mai.

Sai da na samo akanta na gaske ya duba ya riƙe baki. Ya ce tun ranar farko kamata ya yi a buɗe akawun daban a cikin manhajar na kuɗin mutane da ke hannuna, a ɓangaren bashin da ake bi na, duk kafin alƙalami ya kwanta a can da sunan mai shi. Ranar da kaya suka fita a yi inbois na cikakken farashi, a ɗebo abin da mutum ya ajiye a rage, ciko ya fito fili. Mutum shidan da nake bi kuwa kowa da inbois ɗinsa da ainihin ranarsa. Aikin da ya ce bai kai na yini ɗaya ba. Ya kuma nuna min ribar ƙaryar da nake ta murna da ita, har na fara tambayar kuɗin sabon injin yankan katako, da na saya da kuɗin amaren mutane na saya. Ga harajin VAT na kashi 7.5 da manhajar take ta ɗorawa a kan cinikin da ba a yi ba.

Yanzu lissafin wata uku muke warwarewa layi layi, ina karanta littafi yana gogewa yana gyarawa, kuma shi ma biyansa zan yi. Gobe da safe zan ɗau littafin nan da kwafin rasit biyu in tafi gidan Hajiya, na roƙi a ce wa ɗan nata ya jira ni.