Ranar da na cinye bincikena

Shekarata tara ina nazarin yadda kifi ke numfashi, amma a ƙauyen da na sauka kusa da Baturiya, a fadamar Haɗeja, babu wanda wannan ya dama. Suna kawai suka laƙaba mini, Likitan Kifi. Da na gaya wa Sarkin Ruwa gaiwa na zo nema, kuma a watan Afrilu, sai da ya kalle ni daga hula har takalmi.

"Malam, duk giwan ruwa da bargi da ke duniya, gaiwa ka ga dama?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ita ce mai abin mamaki."

Kuma gaskiya na faɗa. Gaiwa huhu gare ta, in ka danne ta a ƙasan ruwa ka hana ta leƙowa, nutsewa za ta yi ta mutu kamar ɗan akuya. Idan fadama ta fara ƙafewa sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jiki, ta lulluɓe kanta da yauƙi ya bushe, ta bar 'yar ƙofa guda ta shaƙar iska. Haka za ta kwanta wata da watanni ba ci ba sha. Masunta sun ce jikinta take ci, mu ma da muka auna da na'ura abin da muka samu ke nan, tsokarta take narkarwa a hankali. Wato abin da na yi digiri a kai, jikan Sarkin Ruwa mai shekara goma ya riga ni sani. Ni abin da ya kawo ni, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar fadamar ta sauya hali, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, ina son in ga yadda gaiwa ke fama.

Kwana uku muna haƙa da yara cikin rana, tafin hannuna duk ya yi kanta, muka samu shida. Na ari robobin wanki a cikin gida, na jiƙa curin lakar har suka farka, na auna nauyi da tsawon kowace, na maƙala musu 'yar lambar roba, ɗaya zuwa shida. Sai batirin na'urar auna iskar ruwa ya mutu. Dole na hau acaɓa zuwa Haɗeja neman caji. Kafin in tafi na leƙa na ce wa uwargidan Sarkin Ruwa, mai masaukina, "Inna, ga amanata nan, a kula mini da su." Ta ce, "Ba komai ɗan nan, kamar ka dawo ka tarar."

Ban dawo ba sai bayan magariba, yunwa kamar ta kashe ni. Ina zama a zaure aka miƙo kwano, farfesu ne ya sha citta da kanumfari, yaji har hanci. Ban yi wata-wata ba. Na ci, na yi gumi, na sa yaro ya kai wa Inna yabo, aka ƙaro mini. Har lacca na yi wa Sarkin Ruwa a kan kalli, ragar kamun kifi mai ƙananan idanu, da ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba, yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Ci dai, Malam."

A kwano na biyu haƙorina ya ci karo da wani abu. Na ɗauka ƙaya ce. Na zaro na haska fitilar waya. Lamba huɗu.

"Baba, wannan kifin daga ina?"

"Naka ne mana. Innarka ta ga ka sha wahalar haƙa, ta ce bai kamata baƙo ya dawo ya tarar da ɗanye ba."

Na tashi da gudu ba takalmi. Robobi huɗu an wanke an kife, biyu ne suka tsira, su ma don tukunyar ta cika. Inna ta fito da fara'arta ta damƙa mini lambobi uku a wanke tas, ta ce ta ga kamar masu amfani ne, ɗaya ce kawai ta ɓace mata.

Na ce, "Na same ta, Inna."

A rahoton da na kai ofis na rubuta cewa huɗu daga cikin shida sun salwanta a wajen aiki. Shugabana ya tambaya ko wata dabba ce ta ci. Na ce e, ranka ya daɗe, babba ma kuwa.