Injiniya, Sa Min Rufi

Ruwan Agusta ne aka tsuge da shi tun la'asar, irin wanda ko kaza ba ta leƙo waje. Muna fake a rumfar Baba Mai Shayi sai ga Ɗan Acaɓa ya faɗo sharkaf, riga ta manne masa a jiki kamar fenti, ya jingine Boxer ɗinsa ya nufi Mai Walda ko sallama babu.

Ɗan Acaɓa: Injiniya, nawa za ka sa min rufi?

Mai Walda: Wa alaikumus salam. Ɗakin ne ya fara yoyo?

Ɗan Acaɓa: Wane ɗaki ni da nake haya, mashin nake nufi. Yau fasinja uku na rasa wallahi, har da wata Hajiya mai zuwa biki da ta kalle ni sama da ƙasa ta ce leshin jikinta ya fi mashin ɗina tsada, ta tsai da adaidaita a gabana ina ji ina gani.

Mai Shayi: Ai kuwa ba ta yi ƙarya ba.

Ɗan Boko ya ajiye kofi ya goge tabarau da bakin riga. Duk wanda ya san shi ya san lacca ta zo.

Ɗan Boko: Wannan tunanin naka ai Jamusawa sun riga ka. Tun shekarar 2000 kamfanin BMW ya fito da babur mai rufi, sunansa C1. Ga shi nan a waya, duba. Rufi ya taso daga gaba ya lanƙwasa har baya, ga gilas, ga waifa tana share ruwa kamar mota.

Ɗan Acaɓa: Kai! Wannan ai ƙwai ne aka sa wa taya. Farfesa, meye wannan igiyar a ƙirjin mutumin?

Ɗan Boko: Bel ne, guda biyu ma, suna gittawa a ƙirji.

Ɗan Acaɓa: A ɗaure ni a kan babur kamar ragon layya? To in zan faɗi fa? Mu duk ilimin sana'ar nan ai dirowa ne, kana ganin abu ya ɓaci ka saki kan mashin ka yi ta kanka.

Ɗan Boko: Shi wannan ba a dirowa. Ƙarfen alminiyon ne ya zagaye ka, in ka faɗi shi zai daki kwalta ba kafaɗarka ba, kai dai ka zauna a ciki ka janye hannu. Shi ya sa ma a Jamus da Faransa da Italiya aka yarda ka tuƙa shi ba hular kwano. Ingila ce ta ƙi, ta ce ko da bel sai ka sa hula.

Ɗan Acaɓa: Ba hular kwano? Ashe nan mun fi su ci gaba. Mu ba rufi ba bel, kuma tuntuni muka yafe wa kanmu hular.

Mai Shayi: Ni fa ɗan nan tambaya ɗaya gare ni. Na ga sama a rufe, gaba a rufe. Gefe fa?

Ɗan Boko: Gefe a buɗe yake Baba, ai dole ka sauke ƙafa in ka tsaya.

Mai Shayi: To ruwan Jamus a miƙe yake sauka kenan, mai ladabi. Namu a karkace yake zuwa da iska a bayansa, dubi rumfar nan da kwano da komai amma burodina ya jiƙe. Balle tirela ta wuce ta watso maka ruwan kwata, wannan daga ƙasa ma yake tasowa.

Ɗan Acaɓa: Bar wannan Baba, mu je kan magana. Farfesa, mutum nawa yake ɗauka?

Ɗan Boko: Ɗaya.

Ɗan Acaɓa: Ɗaya ban da direba?

Ɗan Boko: Ɗaya, shi ne direban.

Shiru ya ratsa rumfar, har tafasar butar shayi kana ji.

Ɗan Boko: To akwai ƴar kujera da ake iya ƙarawa a baya, amma a wajen rufin take, kuma wanda ya hau sai ya sa hula.

Ɗan Acaɓa: Tsaya in fahimta. Ni ina ciki a bushe a ɗaure, Hajiya tana waje ruwa yana dukanta, in mun isa kuma ta buɗe jaka ta biya ni?

Mai Shayi: Wannan ai ba babur ba ne, gwamnati ce.

Ɗan Acaɓa: Buhun masara fa? Akuya fa? Jiya katifa na ɗauka da mai katifar da ƙaninsa. Wannan abin na mai zuwa ofis ne da ƴar jaka, wanda ba ya son kwat ɗinsa ta jiƙe. Yanzu suna nan suna ta sayar da shi?

Ɗan Boko: A'a, a 2002 suka daina yi. Kasuwa ba ta karɓa ba, ya yi tsada a babur kuma bai kai mota ba.

Mai Shayi: Shekara biyu? Matacin shayin nan ya girme shi.

Sai Mai Walda ya gyara zama. Shi dama tun ɗazu lissafi yake, ya ja ashana ya fara zane a ƙasa.

Mai Walda: Ku bar Bature, bai san hanya ba. Ni fayif huɗu zan tayar, biyu gaba biyu baya, in ɗora kwano falle ɗaya in kama shi da rodi. Kwana biyu ka zo ka ɗauka.

Ɗan Boko: Injiniya nauyi fa? Shi C1 da alminiyon ɗinsa kilo 185 ne, Boxer kuwa ɗari da ƴan kai ce, kuma matsalar ba yawan nauyin ba ce kaɗai, inda yake zaune ne. Duk abin da ka ɗora a sama, in ka zo kwana shi zai ja ka ƙasa. Ga iska, kwano falle guda a kan mashin in hadari ya taso ai sai dai a je Maraɗi a ɗauko shi.

Mai Walda: Sai in ƙara taya a baya, su zama biyu. Ya faɗi in gani.

Ɗan Boko: To wannan ma Honda sun yi a Japan tun 1990, Gyro Canopy, taya uku da rufi, gaban yana kwantawa a kwana bayan yana tsaye. Masu kai abinci gida gida ne suka fi hawa, akwati ne a bayan.

Mai Walda: A cire akwatin a sa benci. Mutum uku.

Ɗan Acaɓa: Huɗu in sun matsa. Ɗaya kuma a gefena.

Mai Walda: Gefe kuma tamfol, in ruwa ya zo a sauke, in rana ta fito a naɗe. Ka ga an gama da maganar Baba. Kan mashin ɗin muna barin sa yadda yake. Wallahi in na ƙera wannan sai an zo daga Legas kallo.

Mai Shayi: Saura fenti.

Mai Walda: Wane kala Baba?

Mai Shayi: Ruwan ɗorawa mana. Sai ku rubuta "Hassada ga mai rabo taki" a baya ku kai shi Kano ya shiga layi, ƴan uwansa sun cika gari tun da aka hana acaɓa a 2013. Awa guda kuna zane a ƙasa kun ƙera adaidaita sahu.

Mai Walda ya kalli zanen, ya karkata kai ya sake kallo, sannan ya sa takalmi ya share a hankali.

Mai Walda: Nawa dai ya fi na Indiya ƙwari.

Ɗan Acaɓa: To ni yanzu ya zan yi?

Ɗan Boko: A Duwala ta ƙasar Kamaru ƴan acaɓa lema suke kafawa a kan mashin, doguwa mai jela har ta rufe fasinja.

Ɗan Acaɓa ya juya a hankali ya ƙura wa babbar lemar da ke kan teburin ƙwai ido.

Mai Shayi: Ɗauke idonka ɗan nan. Shayi uku da Indomie nake bin ka tun ranar Talata.

Ana haka ruwa ya ɗan tsagaita, sai ga wani mutum daga tsallaken titi yana ɗaga hannu, ga kwanon rufi falle uku a jingine a jikinsa.

Fasinja: Acaɓa! Bayan makarantar firamare za ka kai ni, iska ta yaye min ɗaki.

Kafin Baba ya buɗe littafin bashi Ɗan Acaɓa ya buga mashin. Mutumin ya haye baya, ya ɗaga kwanon ya ɗora a ka ya riƙe da hannu biyu, rabi ya rufe shi rabi ya rufe direba, suka hau kwalta yayyafi yana sauka a kai kwararam kwararam.

Ɗan Acaɓa: Farfesa! A gaya wa BMW nawa yana ɗaukar fasinja!

Mai Walda: Kai dawo nan! Wannan zanena ne, ko sisi ba ka ba ni ba!