Abin da ya faru da malamar Wheaton

Batun sa ma'aikata su sa hannu kan takardar amincewa da aƙidar addini ta wurin aikinsu yana tuna min da Larycia Hawkins, malama a Wheaton, wata kwalejin Kirista da ke jihar Illinois ta Amurka. A Disamba 2015 ta sa hijabi don nuna goyon baya ga Musulmi, ta rubuta a Facebook cewa Musulmi da Kirista Allah ɗaya suke bauta wa. Nan da nan aka dakatar da ita, a Fabrairu 2016 suka raba gari. Hukumar makarantar ta ce maganar ce matsala, ba hijabin ba.

Ni ban ga laifin makarantar coci ta nemi malamin tauhidi mai bin aƙidarta ba. Amma baiwar Allahn nan kimiyyar siyasa take koyarwa fa, kuma Kirista ce! Wallahi har yau abin yana ci min rai.