Alhaji Bakano a garin Terneuzen

Alhaji Bakano ya je Antwerp saro motoci 'yan Beljiyam. Ranar da ba ciniki, wani Bazazzagi da ke karatu a Ghent ya ɗauko shi a mota, zai kai shi ganin tashar jiragen ruwa ta Terneuzen, a ƙasar Holan.

Alhaji: Kai Bazazzagi, rage gudu. Ka ce mun kusa boda, bari in shirya wa 'yan kwastan na goro.

Bazazzagi: Ai mun wuce, Alhaji. Tun da muka bar Zelzate muna cikin Holan.

Alhaji: Ba shinge, ba ganga, ba katako mai ƙusa? Wannan ai sakaci ne.

Bazazzagi: Ga kogin Westerschelde can. Jirgin da zai kai motocinka Kwatano ta nan zai bi ya faɗa teku.

Alhaji: Allah ya kai shi lafiya. Ni dai sanyi ya gama da ni, tun asuba ban karya ba. Tsaya, ga shagon kofi can. Inda ake dafa kofi ba a rasa shayi da burodi.

Bazazzagi: Alhaji, ba irin shagon da kake tsammani ba ne.

Alhaji: Bazazzagi ne zai koya mini gane shago? A Kantin Kwari aka yanke mini cibi. Amma tsaya, wane ne ke ƙona bola a garin Turawa?

Bazazzagi: Ba bola ba ce. Wiwi ce. Ita ake sayarwa a ciki.

Alhaji: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Da allo a ƙofa? Ina 'yan sanda?

Bazazzagi: Ga motarsu can ta wuce.

Alhaji: To an halatta ke nan.

Bazazzagi: A doka haram ce har gobe. Tun 1976 suka raba ta da manyan ƙwayoyi, hukuma take kau da kai in an kiyaye sharuɗɗa. Gram 5 ga mutum ɗaya a rana, ba yaro ɗan ƙasa da shekara 18, ba talla, ba giya.

Alhaji: Ba giya? Masu wiwi ne ke gudun giya?

Bazazzagi: Ko sigari ka kunna a ciki, an taka doka.

Alhaji: Ikon Allah. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Bazazzagi: Ai yanzu garin ya yi sanyi. Da akwai wani shago, Checkpoint, wanda ya fi kowane girma a ƙasar. A rana mutum 2,000 zuwa 3,000 ke shiga, yawancinsu 'yan Beljiyam da Faransawa. Sai ka ciri lamba ka jira a kira ka.

Alhaji: A'uzubillahi. Dubu nawa ka ce?

Bazazzagi: Har 3,000.

Alhaji: Tir da wannan sana'a. Gram 5 sau 3,000, kilo 15 ke nan a rana. Ina sitonsa?

Bazazzagi: Nan gizo ke saƙar. Doka ba ta yarda a ajiye sama da gram 500 a shago ba.

Alhaji: Kai yaro, kar ka raina mini hankali. Mutum 100 sun kwashe masa kaya, sauran 2,900 su sayi me? To sai ya yawaita saro.

Bazazzagi: A garin nan saron laifi ne. Noman ma laifi ne. Sayarwar kawai ake kau da kai.

Alhaji: Wato a ƙofar gaba ɗan kasuwa ne, a ƙofar baya ɓarawo? Wallahi Bazazzagi ne ya rubuta wannan doka.

Bazazzagi: Abin da ya ci mai shagon ke nan. Aka kai samame a 2007, aka koma a 2008, aka tarar da kaya sun zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba, aka garƙame wurin.

Alhaji: Zalunci! Wato... madalla nake nufi. Bari in leƙa wannan, don in ji daɗin yi wa yara wa'azi a gida.

Wani Bature ƙato ya tare ƙofa, ya yi magana.

Alhaji: Me ya ce?

Bazazzagi: Ya ce ka kawo shaidar kana zaune a Holan. A 2012 aka kafa dokar hana sayar wa baƙi a lardunan kudu, saboda cunkoson masu tsallako boda.

Alhaji: Gaya masa ko kyauta ya ba ni ba na so.

Bazazzagi: Ya ce to madalla, ka matsa.

Alhaji: In matsa? Ni? Na je Makka sau bakwai, na je Guangzhou, ba a taɓa tare ni a ƙofar shago ba. Nuna masa kuɗina!

Bazazzagi: Alhaji, yanzu fa ka ce haram ce.

Alhaji: Haram ce, amma ni ya kamata in ƙi, ba shi ya hana ni ba. Kai, me ya sa duk wanda ya fito sai ya nufi mai soya dankalin can?

Bazazzagi: Abin yana sa yunwa.

Alhaji: Dukansu?

Bazazzagi: Kusan duka.

Alhaji: Kuma duk layin nan ba mai tsire, ba mai shayi da Indomie?

Bazazzagi: Ko ɗaya.

Alhaji: Koma wurin Baturen nan, ka gaishe shi da kyau, ka ce masa wasa nake yi. Shagon da ke jikin nasu, nawa ne haya a shekara?