Dokokin kare ma'aikata a harkar fitar da kaya: wa zai biya kuɗin gyara?

A watan Satumban 2012 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Ali Enterprises da ke Karachi a Pakistan, sama da mutum 250 suka rasu, da yawansu saboda ƙofofi na kulle, tagogi kuma an dasa musu ƙarafa. Makonni kaɗan kafin nan masu bincike sun ba masana'antar takardar shaidar cewa tana kiyaye haƙƙin ma'aikata. Watanni bakwai bayan haka ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, ya ci rayuka sama da 1,100.

Waɗannan masifu na cikin abin da ya sa Turai ta fara mayar da alƙawarin kamfanoni doka. Faransa ta yi tata a 2017, ta Jamus ta fara aiki a 2023, Tarayyar Turai kuma ta amince da tata a 2024. Abin da ake nema a wurin babban kamfani shi ne ya san inda kayansa ke fitowa, ya gano wuraren da aka fi cutar da mutane ko muhalli, ya hana cutarwar, ya buɗe hanyar kai ƙorafi, in an riga an cutu kuma da sa hannunsa, ya biya diyya. Da farko dokar Tarayyar Turai ta shafi kamfanoni masu ma'aikata sama da 1,000 da cinikin Yuro miliyan 450 a shekara. A ƙarshen 2025, bayan matsin lambar 'yan kasuwa, aka ɗaga ma'aunin zuwa ma'aikata 5,000 da Yuro biliyan 1.5, aka kuma jinkirta fara aikinta. Wannan koma baya ne, kuma ma'aikata ne za su ji a jikinsu.

Amma ko da an bar dokar da ƙarfinta, akwai wata ƙofa da kamfanoni suka saba zillewa ta cikinta. Mai saye a Turai zai ƙara sharaɗi a kwangila cewa mai kawo kaya ya ɗauki alhakin duk wani cin zarafi. Mai kawo kayan ya miƙa sharaɗin ga dillali, dillali ya ɗora wa manomi ko ƙaramar masana'anta. Farashi bai ƙaru ba, wa'adin kawo kaya bai tsawaita ba, kuɗi kuma sai bayan wata biyu ko uku. Wanda aka ce ya gyara wayoyin lantarki, ya sayi kayan kariya, ya daina sa aikin dare, ba a bar masa ribar da zai yi hakan ba. To sai ya koyi abu mafi araha: littafin albashi biyu, ɗaya na gaskiya, ɗaya na mai bincike, a kuma sallami yara gida ranar ziyara, tunda galibi an san ranar.

Yarjejeniyar tsaron masana'antun ɗinki na Bangladesh da kamfanoni masu saye da ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙulla a 2013 ta bi wata hanya dabam, shi ya sa ta yi tasiri. Injiniyoyi masu zaman kansu ne ke duba gini da wuta, ana buga sakamakon kowa ya gani, ƙungiyoyin ƙwadago suna da kujera a teburin, kuma an wajabta wa masu saye su tabbatar masana'anta na da halin biyan gyaran. Wanda ya saɓa ana iya kai shi gaban masu sasanci, hukuncin kuma ya hau kansa.

Koko ya nuna ɗaya gefen. Tun 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu kan alƙawarin kawar da mummunan aikin yara a gonaki, amma binciken cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago da ya fito a 2020 ya samu yara kusan miliyan 1.56 suna aikin da bai dace da su ba a yankunan koko na Ghana da Kwaddibuwa. Manomin da kuɗin amfaninsa bai kai ya ɗauki ɗan ƙodago ba, ɗansa zai miƙa wa adda. Yanzu ga dokar Turai ta hana sare daji, wadda ke neman a nuna ainihin wurin kowace gona a taswira, gonar da ta wuce hekta huɗu ma a zana iyakarta duka, a tabbatar ba a share dajin bayan 31 ga Disamban 2020 ba. Manufar tana da kyau. Sai dai in babu wanda ya biya kuɗin awon, mai saye zai koma wurin manyan gonaki, ƙaramin manomi ya rasa kasuwa ba tare da ya yi laifin komai ba.

Batun ya iso Kano, domin fatar awaki da tumaki da ake jemewa a Challawa da Sharada da Bompai, Italiya da Sifaniya na cikin manyan masu sayenta. Haɗarin wannan sana'a sananne ne. Ana cire gashi da farar ƙasa da sinadarin salfaid, kuma idan wannan ruwan ya haɗu da ruwa mai asid a kwata ɗaya, yana fitar da iskar da ke kashe mai shiga rami ya yashe shi cikin mintuna. Ruwan kuromiyam kuwa, sinadarin da ake jeme fata da shi, in ba a ware shi an tace ba, kogi yake tafiya, inda masu lambu ke ban ruwa. Maganin shi ne raba magudanun, da na'urar auna iska, da wurin tace ruwa mai aiki kullum, kuma duk wannan yana cin wuta da dizal.

Dokar ta 2024 ta ambaci cewa babban kamfani ya gyara yadda yake saye, ya tallafa wa ƙananan abokan hulɗarsa, kuma shi zai biya kuɗin tantance su. A nan ya kamata masu fitar da fata da riɗi da ƙaro su tsaya da ƙafarsu, a ƙungiyance ba ɗaiɗaiku ba. Duk sharaɗin da mai saye ya kawo, a rubuta kusa da shi nawa zai ci da wanda zai biya, a nemi kwangilar da ta wuce kaka ɗaya, a kuma sa cewa in an gano matsala za a ba da wa'adin gyara kafin a yanke ciniki.