TV ɗin da tsawa ta taɓa ba lallai ya mutu ba

Mutane da yawa da an yi tsawa TV ya ɗauke sai su ce shikenan ya ƙone, a ba 'yan gwangwan. Wallahi ba haka bane. Yawanci wutar ce ke biyo wayar lantarki ko wayar dish ta shigo, kuma abin da take fara ci fis ne ko bod ɗin wuta, wani lokacin ramin HDMI inda dikoda ke shiga, duk ana canza su. In 'yar jar fitilar nan ma ta ƙi kamawa galibi bod ɗin wutar ne, kai wa mai gyara ya buɗe tukuna. In gilashin ne ya tafi, to nan kam kuɗinsa ya kusa na sabo, sai haƙuri.