Matar da ta ƙi komawa gida a ƙarƙashin tutar Turawa

Mu da muka taso muna kallon fina-finan Indiya, da yawanmu in aka ce macen Indiya, rawa da kuka ne ke fara zuwa mana a rai. Wanda ya ɗan leƙa tarihi kuma, sunan Sarauniyar Jhansi, Lakshmibai, zai kama, wadda ta mutu a fagen fama da Turawan Ingila kusa da Gwalior a watan Yunin 1858. Ta cancanci yabon da ake mata. Amma ni wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Begum Hazrat Mahal ta Lucknow, kuma ina jin takaicin yadda ba a cika ambatonta ba.

Ba 'yar sarki ba ce. Daga gidan talakawa ta fito, aka shigar da ita fadar Awadh, masarautar da Lucknow ne babban birninta, tana yarinya, har ta haifa wa Sarki Wajid Ali Shah ɗa namiji, Birjis Qadr. A 1856 kamfanin Turawan Ingila mai mulkin Indiya ya ƙwace Awadh, wai sarkin bai iya mulki ba. Sarki ya tattara ya tafi Kalkata, bai sake dawowa ba. Ita ta zauna.

Da bore ya ɓarke a 1857, sojojin da suka juya wa Turawa baya suna da bindiga amma ba su da wanda za su taru a bayansa. Nan ta nuna ko ita wace ce. A watan Yuli aka naɗa ɗanta sarki, yaron da bai balaga ba, ita kuma ta riƙe ragama. Wata da watanni Turawa na ƙulle a gidan wakilinsu na Lucknow ana musu ruwan harsashi, shugabansu Henry Lawrence ma a nan ya rasa ransa. Abin da ya fi burge ni, Musulma ce, amma cikin manyan mutanenta akwai Raja Jai Lal Singh, ɗan addinin Hindu. Tara masu bindiga abu ne mai sauƙi. Haɗa Musulmi da Hindu, da masu ƙasa da manoma, su ji magana ɗaya daga bakin mace, wannan shi ne aikin.

Turawa sun ƙwace Lucknow a watan Maris na 1858. A Nuwamba Sarauniya Victoria ta fitar da sanarwa cike da alkawura: afuwa, da cewa ba za a taɓa addinin kowa ba. Sarakuna da dama suka miƙa wuya. Hazrat Mahal ta mayar da martani da tata sanarwar, tana bin alkawuran ɗaya bayan ɗaya. Ta tuna wa jama'a masallatai da wuraren bautar Hindu da aka rushe da sunan gina hanya, ta kuma tambaya: in da gaske adalci ake nufi, me ya hana a mayar wa mutane ƙasarsu?

A shekarar nan ta 1858 ne fa aka haifi Lugga a Madras, can Indiya, wanda daga baya ya ci Kano da Sakkwato. Duk wanda ya san yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin Nasara ba zai sha wahalar gane zuciyar matar nan ba.

Ta ƙetara zuwa Nepal ita da ɗanta. An yi mata tayin komawa da kuɗin fansho, ta ƙi. Shekara ashirin ta yi a can, dukiya ta ƙare, har ta rasu a Kathmandu a 1879. Kabarinta na nan kusa da Masallacin Juma'a na birnin, nesa da Lucknow. Allah Ya jiƙanta.